Daga farantin roba zuwa fata: yadda ake gwada maganin bayofim a kan samfurin nama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin nazarin ƙananan halittu. Na gwada zuma da jiƙon bagaruwa a kan Pseudomonas aeruginosa da Staphylococcus aureus a farantin roba mai rami 96, sakamakon ya nuna bayofim ya ragu sosai. Malamina ya ce wannan bai isa a ce suna maganin gyambo ba, sai an gwada a kan samfurin nama. Wane samfuri ya dace, kuma yaya ake haɗa shi a ɗakin gwajin da ba shi da manyan kayan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminki ya yi gaskiya, kuma dalilinsa shi ne zai nuna miki samfurin da za ki ɗauka, don haka da shi za mu fara.

Bayofim dandazon ƙwayoyin cuta ne da suka lulluɓe kansu da yauƙin da suka saƙa daga sukari mai dogon zare, da furotin, da DNA ɗin 'yan'uwansu da suka fashe. Santsin da ke kama cikin randa idan ta daɗe ba a wanke ba, da dattin da ke taruwa a gindin haƙori, duk dangi ɗaya ne. Ƙwayoyin da ke can ƙuryar dandazon ba sa samun iskar oksijin sosai, sai su rage aiki su yi likimo, alhali yawancin magungunanmu masu rarrabuwa da cin abinci suke kamawa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta jentamaisin da danginsa ma ba sa iya shiga cikin ƙwayar cuta sosai sai tana numfashi da oksijin. Shi ya sa adadin maganin da zai kashe ƙwayoyin da ke yawo a ruwa sai an ninka shi sau 100, wani lokaci har 1000, kafin ya taɓa na cikin bayofim. A binciken da James da abokan aikinsa suka fitar a 2008, an ga bayofim a kashi 60 cikin 100 na gyambunan da aka duba, amma kashi 6 kacal a sababbin raunuka.

Gwajin da kika yi, wanda O'Toole da Kolter suka yaɗa tun 1998, rini ne kawai yake aunawa. Rinin kuwa shi ne GV ɗin nan mai launin shunayya da ake shafa wa ciwo, a ƙarfin kashi 0.1 cikin 100. Yana kama rayayyar ƙwaya, da matacciya, da yauƙin, duk ba bambanci. Idan launi ya ragu, abin da kika sani shi ne abin da ke manne da roba ya ragu. Ko kashe su aka yi, ko saɓule su aka yi suna raye, ko bututun ɗiban ruwanki (fifet) ne ya wanke su, rinin ba zai faɗa miki ba. Bagaruwa tana da nata rikicin: sinadarin da majema ke nema a cikinta yana dunƙule furotin ya manna shi a bangon rami, sai ya sha rini kamar bayofim, don haka dole a bar ramukan da ke da jiƙon da ruwan abinci (ruwan da ake renon ƙwayoyi a ciki) kawai ba ƙwayar cuta, a cire abin da suka nuna daga lissafi. Ramukan gefe 36 kuma a cika su da ruwa mai tsabta a yi aiki da 60 na tsakiya, domin na gefen suna ƙafewa, balle lokacin hunturu. Sai kuma ki tambayi kanki: kin zuba maganin tare da ƙwayoyin tun farko, ko bayan sun kafu? Na farkon gwajin hana kafuwa ne. Mai gyambo kuwa ba ya zuwa asibiti sai bayofim ya riga ya yi makonni a jikinsa.

Babban abin da roba ba ta da shi shi ne abin da ke cinye ƙarfin magani. Zumar da muka saba da ita tana kashe ƙwayoyi ta hanyar yawan sukari, da tsami, da haidirojin feroksaid da take fitarwa idan aka sirka ta. Jini da nama suna ɗauke da katales, wanda aikinsa ke nan ya farfasa feroksaid ya mai da shi ruwa da oksijin. To zumar da ta yi abin mamaki a ruwan abinci na iya rasa wani babban kaso na ƙarfinta da ta haɗu da ruwan ciwo. Haka azurfar da ake sa wa bandeji, gishirin jiki da furotin suna ɗaure ta. Aidin da ruwan kilorin su ma mataccen nama yana shanye su kafin su kai ga ƙwayar.

Saboda haka kafin ki taɓa fata, akwai mataki mai sauƙi da ya kamata ki bi: ki canja ruwan da ƙwayoyin ke girma a ciki. Samfurin Lubbock, wanda aka haɗa a garin Lubbock na jihar Texas a Amurka aka wallafa a 2008, ruwan abinci ne na Bolton da aka zuba wa filasmar shanu (ruwan jini da aka cire wa ƙwayoyin jini) kashi 50 cikin 100 da fasasshen jinin doki kashi 5. Ana zuba 'yan mililita a bututun gwaji, a jefa bakin fifet na roba don ƙwayoyin su sami abin kamawa, a shuka Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa da Enterococcus faecalis tare. Cikin awa 24 a digiri 37, Staphylococcus zai daskarar da filasmar ta zama guda mai kama da abin da ake kankarowa daga gyambo, duka ukun suna zaune a ciki. Abin lura a nan: a ruwan abinci zalla Pseudomonas kan kashe Staphylococcus cikin kwana ɗaya ko biyu da gubobin da yake fitarwa, amma furotin ɗin filasma yana dusashe saƙonnin da yake aika wa 'yan'uwansa, sai su zauna tare kamar yadda ake samunsu a ciwon mutum. Idan gudan bai daskare ba, abu biyu za ki fara dubawa: ko nau'in Staphylococcus ɗinki ba ya daskarar da filasma, ko Pseudomonas ɗin da kika zuba ya yi yawa ya narkar da shi. Wanda bai sami ruwan Bolton ba zai iya haɗa ruwan ciwo na kwaikwayo, rabi siram ɗin ɗan maraƙi (ruwan da ke saura bayan jini ya daskare), rabi ruwan gishirin jiki mai fefton (narkakken furotin) kashi 0.1, a zuba shi a kan daskararren kolajin, wato furotin ɗin da ke riƙe fata.

Yanzu sai fata, wadda a ganinmu ita ce ta fi dacewa da tambayarki da kuma aljihunki. Tsarin da aka fi bi na Jami'ar Florida ne, daga ɗakin gwajin Gregory Schultz, kuma da fatar alade aka gina shi, domin kaurinta da ƙarancin gashinta sun fi kusa da na ɗan Adam. A yawancin garuruwanmu samunta da wuya, wasu masu binciken ma ba za su so taɓa ta ba. Fatar tunkiya ko akuya za ta yi aiki, an kuma yi amfani da ta tunkiya a irin wannan gwaji, sai dai ki san ta fi siriri kuma ramukan gashinta sun fi yawa. Ki rubuta wannan ƙarara a rahotonki, kada ki kwatanta lambobinki kai tsaye da na waɗanda suka yi da alade.

Ki je mahauta da sassafe da akwatin ƙanƙara. Fatar da aka feɗe yanzu kike so, daga dabbar da likitan dabbobi ya duba, wadda ba a babbaka ba, ba a zuba mata tafasasshen ruwa ba, ba a barbaɗa mata gishiri ba. Babbaka tana dafa kolajin, gishiri kuma zai hana Pseudomonas girma ya bar Staphylococcus, sai sakamakonki ya karkace tun ba ki fara ba. Maganar duba dabbar ba wasa ba ce: ana iya ɗaukar cutar antiraks daga fatar dabba, kuma an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Safar hannu da takunkumi tun daga mahautar.

A ɗakin gwaji ki aske gashin da injin aski, kada ki yi da reza don tana yayyanka saman fatar. Ki juya ta ki kankare kitsen da ke ƙasa har kaurin ya daidaita. Da ƙarfen huda fata mai zagayen baki ki fitar da faya-fayai masu faɗin milimita 12, sannan a tsakiyar kowane ki yi rauni mai faɗin milimita 3. A fatar alade zurfinsa kan kai milimita 1.5, a ta akuya ki tsaya ƙasa da haka, domin da zarar ramin ya ɓulle ƙwayoyin za su zube ƙasa su yi girma a kan aga, wato daskararren abincin ƙwayoyi da ake ɗora faifan a kai, kin koma gwajin faranti ke nan ba ki sani ba. Duk faifan da ya ɓulle a yar da shi.

Tsarkake fatar shi ne inda aikin ya fi lalacewa. Masu tsarin na asali da hayaƙin kilorin suka yi, wanda ba a haɗa shi sai a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi. Inda babu, ana wankewa da aidin na tiyata, a bi da barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70, sannan a ɗauraye aƙalla sau uku da ruwan gishiri tsarkakakke. Matsalar ta fuska biyu ce. Idan kin gaza, ƙwayoyin dabbar da ke ɓoye a ramukan gashi, musamman 'ya'yan Bacillus da barasa ba ta kashewa, za su farfaɗo a kwana na biyu su mamaye faifan. Idan kin wuce gona da iri, aidin ɗin da ya saura zai kashe abin da kika shuka ki ɗauka maganinki ne. Maganin duka biyun ɗaya ne: a kowane zagaye ki ajiye faya-fayai uku da ba a shuka musu komai ba, da uku da aka shuka ba a sa musu magani ba. Na farkon su fito wayam, na biyun su cika da ƙwayoyi. In ɗaya daga ciki ya saɓa, zagayen duka ya tashi a banza. Kada ki sa fatar a otokilef, wato tukunyar tururi mai tsarkake kaya, zafinsa zai mai da kolajin ya koma kamar ganda.

Ana ɗora kowane faifai, rauni yana kallon sama, a kan aga mai laushi na kashi 0.5 cikin 100, wanda ke ba shi danshi daga ƙasa. A tsarin Florida ana sa ɗan maganin kashe ƙwayoyi a cikin agan don kada su gangaro su malale, jentamaisin idan Pseudomonas ne. Ki daidaita ƙwayoyinki da ma'aunin gurɓacewar ruwa na McFarland 0.5, wato kusan miliyan 150 a kowace mililita, ki ɗiga maikirolita 10 a cikin raunin kaɗai. Ke nan kin shuka wajen miliyan ɗaya da rabi. A rufe, a sa a inkubeta a digiri 37 tare da kwanon ruwa don fatar kada ta bushe, a riƙa mayar da faya-fayan kan sabon aga kullum da hantsaki tsarkakakke. Kwana uku ake ba Pseudomonas. Ki ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya gani, domin in wuta ta ɗauke awa takwas cikin dare, bayofim ɗin kwana ukun ba na kwana uku ba ne, kuma ba za ki gane da ido ba.

Sai matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke ba aikin suna. Ganin yauƙi a kan fata bai nuna bayofim ya nuna ba. Hujjar ita ce juriya. Ki ɗauki wasu faya-fayan ki nutsar da su awa 24 a maganin da kika san yana kashe wannan nau'in, a ƙarfin da ya ninka mafi ƙarancin abin da ke hana shi girma sau 100 ko fiye, sannan ki ƙirga waɗanda suka rage. Faifan kwana ɗaya zai fito kusan babu komai. Na kwana uku zai bar miliyoyi suna raye. Ranar da kika ga wannan tazarar, samfurinki ya kafu, kuma wannan nutsarwar ce ke share masu yawo ta bar miki na cikin bayofim kaɗai kafin ki ɗora zumar.

Ki ɗora maganin yadda za a ɗora wa majiyyaci: adadi sananne, a kan ƙyallen bandeji mai girman faifan, na tsawon lokacin da ake barin bandeji, misali awa 24. Ga zuma, ki haɗa ruwan sukari mai kaurinta ki gwada gefe guda, don a rarrabe aikin sukari da aikin zumar kanta. Ga bagaruwa, ki gwada abin da kika narkar da ita a ciki shi kaɗai. Idan sinadarin narkarwa na DMSO ne kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Ki kuma sa wani sanannen magani, kamar aidin, don a ga inda naki ya tsaya kusa da shi.

Wajen ƙirga akwai tarko mai zurfi. Idan kika ɗauki faifan da ragowar magani a jikinsa kika farfasa bayofim ɗin, ƙwayoyin sun fito daga mafakarsu sun faɗa cikin magani, sai ya kashe su a cikin bututun ƙirga. Lambar za ta yi kyau, amma kisan ba a kan fata ya faru ba. Don haka faifan yana fita daga magani sai cikin ruwan da ke kashe ƙarfin maganin. Ruwan Dey-Engley ya ƙunshi yawancin abin da ake buƙata: tayosalfet don aidin da kilorin, tayogilaikolet da kan ɗaure ƙarfe irin azurfa, lesitin da Tween 80 don kiloheksidin. Jiƙon tsiro ba shi da sanannen makari, sai dai a ɗauraye sau uku a sirka sosai, sannan a tabbatar: ki zuba ƙwayoyi kimanin 100 a ruwan ɗaurayar ƙarshe, ki shuka, ki ga ko sun fito daidai da waɗanda aka zuba a ruwan gishiri zalla.

Daga nan a sa faifan a mililita 5, a girgiza da injin girgiza na daƙiƙa 30, a sa bututun a rufe cikin wankan sauti (kwanon ruwa mai jijjiga da sauti) na minti biyar, a sake girgizawa. Idan ba a farfasa sosai ba, dunƙulen ƙwayoyi dubu zai fito a matsayin tsiro ɗaya. Idan an daɗe ruwan ya ɗumama, wasu za su mutu. A sirka goma-goma, maikirolita 100 cikin 900, a baza maikirolita 100 a faranti, a ƙirga wanda ya ba da tsiro 30 zuwa 300. Idan ƙwayoyin a haɗe suke, agan setirimaid zai ware Pseudomonas, agan manitol mai gishiri kashi 7.5 ya ware Staphylococcus. Da wannan lissafin, tsiro ɗaya a farantin da ba a sirka ba yana nufin ƙwayoyi 50 a faifai, don haka farantin da ya fito wayam ki rubuta "ƙasa da 50", kada ki rubuta sifili. Kuma ki daina ba da sakamako da kashi cikin ɗari. Daga miliyan 100 zuwa miliyan ɗaya kashi 99 ne aka kashe, abin daɗin ji, amma miliyan ɗayan da ya rage zai mayar da gyambon inda yake cikin kwana biyu ko uku. Wannan raguwar log 2 ce kawai (kowane log raguwa ce ninki goma), kuma masu aikin bandeji ba su cika ɗaukar abin da bai kai log 3 zuwa 4 da muhimmanci ba. Faya-fayai uku daga akuya ɗaya ma maimaici ɗaya ne. Ana son dabbobi uku a ranaku daban-daban.

Ki ware faifai ɗaya ko biyu ki sa a fomalin kashi 10, a yanka a tsaye, a rina da rinin Gram mai bayyana ƙwayoyin cuta. Abin da za ki gani ƙananan dunƙule ne da suka nutse cikin naman, sun sha bamban da tsarin nan mai kama da laimar kwaɗi da ake nunawa a hotunan bayofim ɗin gilashi. Masu bincike a Kofanhegan ta ƙasar Denmark sun nuna a 2009 cewa a gyambon mutane Staphylococcus yana zama kusa da sama, maikiromita 20 zuwa 30, Pseudomonas kuwa ya fi nutsewa, 50 zuwa 60. Wannan shi ya sa gogar saman ciwo da auduga kan ɓatar da Pseudomonas, kuma shi ya sa maganin shafawa kan kai ga ɗaya ya bar ɗayan.

Fatar mahauta matacciya ce ko mai gab da mutuwa, ba ta da jini mai gudu, ba ta da fararen ƙwayoyin jini, ba ta warkewa. Tana amsa tambaya ɗaya: maganin yana kai wa ga ƙwayoyin da ke cikin nama ya kashe su? Ba za ta faɗa miki ko yana ƙona naman ba. Wannan aikin fatar da aka gina ne daga rayayyun sel, wato ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam: a cuɗa sel masu saƙa kolajin cikin daskararren kolajin, a shuka sel na saman fata a kai, bayan 'yan kwanaki a rage ruwan har saman ya fuskanci iska, a jira kwana 10 zuwa 14 ya yi hawa-hawa kamar fatar gaske. Akwai na sayarwa irin EpiDermFT da Labskin, amma kwanakinsu kaɗan ne, kuma jigilarsu daga Turai ko Amurka kan cinye kwanakin. Irin wannan fata tana buƙatar inkubeta mai iskar kabon kashi 5 da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ya samu dama ya kula da abu uku. A cire fenisilin da sitireftomaisin daga ruwan abincin sel kwana ɗaya ko biyu kafin shuka, in ba haka ba ƙwayoyin ba za su kama ba. A rage abin da ake shukawa ƙwarai, domin Pseudomonas kan narkar da irin wannan fata cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kafin bayofim ya nuna. Sannan kada a auna rayuwar sel da gwajin MTT, wato rinin da rayayyun sel ke sauya wa launi, a fatar da ke da cuta, don ƙwayoyin cutar ma suna juya rinin, sai matacciyar fata ta nuna tana raye. Auna LDH, sinadarin da ke fita daga sel da suka lalace, da ya zubo cikin ruwan ƙasa tare da duba yankan naman ya fi aminci.

Abin da ya shafi huhu kuwa tsarinsa daban: a Jami'ar Warwick ta Ingila, Freya Harrison da abokan aikinta suna yanka bututun iskar huhun alade gutsi-gutsi na kusan milimita 5 su jiƙa a majinar kwaikwayo, don nazarin sistik faibirosis, cutar gado da ke cika huhu da majina mai kauri. Akwai kuma 'yan na'urorin roba masu siraran magudanai da ake shimfiɗa sel a ciki, irin huhun da Cibiyar Wyss ta Harvard ta fitar a 2010, sai dai robar da ake yin su da ita tana tsotse wasu magungunan. Ba ɗaya daga cikinsu da aikinki ke buƙata.

Ga digiri na biyu, shawararmu ki riƙe gwajin farantin a matsayin tankaɗe na farko, ki ƙara masa ƙirgar rayayyu, ki maimaita a ruwan Lubbock, sannan abin da ya tsira a nan kaɗai ki kai kan fata. Ki haɗa nau'in da kowa ya sani, kamar PAO1 na Pseudomonas ko ATCC 29213 na Staphylococcus, da biyu ko uku da aka ciro daga gyambon majiyyata bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, domin na ɗakin gwaji sun shekara da shekaru a faranti kuma halinsu ya sauya. Ki ware wa tsarkake fata da tabbatar da juriya makonni huɗu zuwa shida kafin ki buɗe kwalbar zuma, kuma duk faifai da bututun da ya taɓa ƙwayoyin ya bi ta otokilef a digiri 121 na aƙalla minti 30 kafin a fitar da shi daga ɗakin.